Garin Neman Gira: Me Ke Ƙara wa Na'urar CD Daɗin Sauti?

Gabatarwa

A shekarar 1990 wani labari ya bazu tsakanin masu sha'awar kayan sauti a Amurka da Ingila, cewa wai idan mutum ya sami alƙalami mai koriyar tawada ya zagaye gefen faifan CD da shi, to sautin faifan zai ƙara fita tangaran. Kafin a ce kwabo har wani kamfani ya fito da alƙalami na musamman domin wannan aiki, ya sa masa suna CD Stoplight, mutane kuwa suka yi ta saye. Waɗanda suka shafa sun dage a kan cewa sun ji bambanci da kunnensu. Amma da aka kwatanta lambobin da na'ura ke karantowa daga faifan kafin shafawa da kuma bayan shafawa, sai aka tarar ko ɗaya ba ta sauya ba.

Yau fiye da shekara 30 ke nan da faruwar wannan al'amari, wayar hannu da intanet sun ƙwace kasuwar faifai, amma har yanzu akwai masu riƙe da na'urorin CD na alfarma, waɗanda aka daina ƙera wasu sassansu tun da daɗewa. Mai irin wannan na'ura yakan so ya ƙara mata inganci, masu ba shi shawara kuma ba su ƙarewa. Wani ya ce a sauya agogo, wani ya ce a sauya waya, wani ya ce a ɗora mata dutse a ka. Wasu daga cikin shawarwarin suna da tushe a kimiyya, wasu asarar kuɗi ne kawai, wasu ko suna iya kashe na'urar ɗungurungum. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sauti mataki-mataki daga faifai zuwa kunne, domin mai karatu ya iya rarrabe waɗannan iri uku da kansa.

Abin da ke Cikin Faifai

Kamfanin Philips na ƙasar Holan da kamfanin Sony na Japan su ne suka haɗa kai suka tsara ƙa'idar faifan CD a 1980, na'ura ta farko kuma, wato Sony CDP-101, ta shiga kasuwa a watan Oktoba na 1982. Bambancinsa da faifan garmaho da kaset shi ne, su waɗancan siffar sautin suke ajiyewa, shi kuwa lambobi yake ajiyewa. A wurin ɗaukar sauti akan auna ƙarfinsa sau 44,100 a kowace sakan, a kowane ɓangare na dama da na hagu, sannan a rubuta kowane awo da lamba mai gurbi 16 ta tsarin sifiri da ɗaya. Gurbi 16 yana ba da matakai 65,536, wato tazarar kimanin desibel 96 tsakanin shiru da iyakar ƙara. Awo 44,100 kuma ya isa a kama duk sautin da kaɗawarsa ba ta kai sau 22,050 a sakan ba, alhali kunnen matashi mai lafiya ba ya wuce 20,000.

Waɗannan lambobi an jera su ne a sifar ƙananan ramuka a kan layi guda da ya nannaɗe daga tsakiyar faifai zuwa bakinsa. Faɗin faifan santimita 12 ne kacal, amma da za a warware layin, tsawonsa zai wuce kilomita 5. Na'ura tana haska ramukan da hasken lesa, ta karanta abin da ya dawo. Daga nan aikin ya kasu kashi huɗu: karatu, da tsare lokaci, da fassara lambobi zuwa wutar lantarki mai siffar sauti, da kuma fitar da ita zuwa amfilifaya. Duk wata shawara ta gyara, tambayar farko da ya kamata a yi mata ita ce: a cikin huɗun nan wanne za ki taɓa, kuma ta yaya?

Mataki na Farko: Karatu

Waɗanda suka tsara faifan sun san za a karce shi, ƙura kuma za ta hau shi, saboda haka suka yi masa rigakafi iri biyu. Na farko shi ne ƙarin lambobin bincike, bisa wata dabarar lissafi da Irving Reed da Gustave Solomon suka fito da ita a 1960. Alal misali, idan magatakarda ya rubuta 7 da 5 da 9, ya kuma rubuta jimlarsu 21, sai tawada ta zube a kan 5, ai ba a yi asara ba, domin za a iya gano ta daidai daga sauran. Na biyu shi ne warwatsa lambobin da ke maƙwabtaka da juna zuwa wurare daban-daban a kan layin, kamar yadda ɗan kasuwa mai hankali ke rarraba hajarsa a motoci da yawa, don kada haɗarin mota guda ya tafi da jarinsa duka.

Da wannan tsari na'ura tana iya maido da lambobin da suka ɓace a tsawon kimanin milimita 2 da rabi na layi, daidai wa daida, ba ƙari ba ragi. In ɓarnar ta wuce haka, sai ta yi ƙiyasi daga awon da ke gaba da na baya. In ta wuce ƙiyasi, sai ta yi shiru ko ta tsallake. A faifai mai tsabta, a na'ura mai lafiya, da wuya a kai ga ƙiyasi. Ma'anar wannan ita ce, lambar da aka riga aka karanto daidai ba ta da sauran wani daidai da za a ƙara mata. A nan hujjar koriyar tawada ta faɗi, haka nan ta man shafawa da zoben roba da ake liƙa wa faifai.

To, mene ne mai amfani a wannan mataki? Tsabta ce. A riƙa goge faifai da kyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada a bi zagayensa, domin karcen da ya ratsa layi ɗan guntu yake ci, wanda ya bi layi kuwa yana iya cinye fiye da abin da lissafi zai maido. A kula da bayan faifai, inda aka yi rubutu, saboda a can ne ramukan suke kusa da fili, ɗan siririn fenti kawai ya rufe su. Sai kuma ɗan gilashin da hasken ke fitowa ta cikinsa, wanda za mu kira idon na'ura. A ƙasarmu ta hazo da ƙurar hunturu, wannan ido yakan dushe, na'ura ta fara tsallake waƙa ko ta ƙi karɓar faifai. Hura masa iska da 'yar robar busa, ko shafa shi a hankali da auduga, yakan wadatar.

A nan kuma ya kamata a yi gargaɗi. Kusa da idon akwai wani ɗan maɓalli da ke ƙayyade ƙarfin lesa, wasu masu gyara sukan murɗa shi da zarar na'ura ta fara gardama. Takan yi aiki na ɗan lokaci, amma ƙarin wutar yana gaggauta mutuwar lesar, kuma ido na tsofaffin na'urori masu tsada ba kullum ake samunsa a kasuwa ba. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Har ila yau, kada mutum ya leƙa cikinsa yana kunne, domin haskensa na can ƙasa da ja ne, idon ɗan Adam ba ya ganin ƙarfinsa balle ya ƙifta.

Mataki na Biyu: Agogo

Lambobin da aka karanto ba sa wucewa kai tsaye. Ana zuba su ne a wata 'yar ma'ajiya, daga nan agogon na'ura ya riƙa sakin su ɗaya bayan ɗaya. Abin ya yi kama da tankin ruwa: ko famfon da ke cika shi yana yi yana tsayawa, ruwan da ke fita ta ƙasa yana zuba ne bai ɗaya. Shi ya sa ba a jin irin lanƙwasar murya da ake ji a kaset idan belinsa ya saki. Agogon kuwa ɗan ƙanƙanin dutsen kwaz ne da ke kaɗawa sau 11,289,600 ko sau 16,934,400 a sakan a yawancin na'urori, wato 44,100 sau 256 ko sau 384.

Amma babu agogon da ba ya kuskure. Bugunsa yakan riga lokaci ko ya makara da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wannan shi za mu kira karkarwar agogo. Illarsa gaskiya ce, domin lamba daidai da ta zo a lokacin da ba daidai ba tana ɓata siffar sauti, kamar makaɗin kalangu da ya san kiɗan sarai amma hannunsa yana riga mawaƙi ko yana bin bayansa. Lissafi ya nuna cewa idan ana son sauti mafi tsini, mai kaɗawa 20,000, a iyakar ƙararsa, ya fita ba tare da kuskuren ya kai rabin mataki guda ba, dole karkarwar ta tsaya a wajen kashi 1 cikin biliyan 8 na sakan. Wannan adadi shi masu sayar da sababbin agoguna suke kafa hujja da shi.

Sai dai abin da na'urar awo ke gani daban, abin da kunne ke ji daban. Kiɗa na gaske ba ya ɗauke da irin wancan sauti mai tsini a iyakar ƙara. A 1998 masu bincike biyu na kamfanin Dolby, Eric Benjamin da Benjamin Gannon, sun gwada masu sauraro da kiɗa, suka tarar sai karkarwar ta kai gommai zuwa ɗaruruwan nanosakan kafin a ji ta. Nanosakan guda kashi 1 ne cikin biliyan na sakan. Wani bincike da aka buga a Japan a 2005 shi ma ya sami iyakar a ɗaruruwan nanosakan. Na'ura mai kyau kuwa karkarwarta ba ta cika kai nanosakan guda ba. Ashe ke nan mai sauya agogon na'ura mai tsada yana maganin cutar da ba ta kai a ji ta ba. Bugu da ƙari, idan aka ɗaura sabon agogo da dogayen wayoyi, ko aka haɗa shi da wuta marar tsabta, wayoyin sukan kwaso hayaniya, sai a ƙare da karkarwar da ta fi ta da.

Inda maganar take da ɗan ƙarfi shi ne idan an raba na'urar biyu, mai karatu daban, mai fassara daban, aka haɗa su da waya. A nan dole na biyun ya tsamo lokaci daga cikin saƙon da ke zuwa masa. Abin da ake bukata shi ne waya gajeriya mai awon om 75, kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Tsadarta ba ta cikin ƙa'idar.

Mataki na Uku: Tafinta da Rariya

Sashen da ke mayar da lambobi wutar lantarki shi ne tafintan na'ura. Abin da yake fitarwa yana zuwa ne tare da wasu inuwoyin sauti da ke sama da 22,050, waɗanda dole a tace su. Na'urar farko ta Sony ta yi amfani da rariya mai tsananin kaifi bayan tafinta. Philips kuwa, da yake tafintansa na farko gurbi 14 kawai yake fahimta, sai ya ɓullo da dabarar ninka awo sau 4 ta hanyar lissafi kafin fassara, abin da ya tura inuwoyin can nesa, inda rariya mai sauƙi za ta iya kawar da su. Wannan dabara ita ce daga baya kusan kowa ya bi.

Daga wajen 1996 wani salo ya taso daga Japan na cire wannan ninki gaba ɗaya, da sunan wai sauti zai fi zama na asali. Wannan gyara, ba kamar koriyar tawada ba, yana sauya sauti da gaske, kuma ana iya auna sauyin: sauti mai kaɗawa 20,000 yana raguwa da kimanin desibel 3, inuwoyin kuma suna wucewa zuwa amfilifaya. Wanda ya ji sautin ya yi masa laushi a kunne bai yi ƙarya ba, yana kuma da 'yancin ya so shi haka. Abin da bai kamata ya ce ba shi ne ya matso kusa da abin da aka ɗauka a faifai, domin nisa ya ƙara yi.

Haka zancen yake game da sauya ƙananan amfilifayoyin da ke bakin fita. Wanda aka fi samu a ciki, mai lamba NE5532, kurakuransa sun yi ƙasa da abin da kunne ke kamawa. Idan aka cire shi aka sa wani mai saurin gaske a gurbin da ba don shi aka tsara ba, yana iya kama kaɗawa shi kaɗai a can sama da ji, ya yi zafi, ya gurɓata sauti. Mai na'ura ya ji sautin ya ƙara kaifi ya ɗauka ci gaba ne. Wasu kuma sukan cire tiransistocin da ke toshe fita lokacin kunnawa da kashewa. Ranar da na'ura ta saki ƙara guda mai ƙarfi ta ƙona ƙaramar lasifika, a ranar za a san amfaninsu.

Mataki na Huɗu: Wuta da Zafi

Idan akwai wurin da buɗe na'ura ke biyan wahala, to nan ne. Motar da ke juya faifai, da sashen da ke riƙe ido a kan layi, da agogo, da tafinta, duk daga taransifoma guda suke sha a yawancin na'urori. Masu tace wannan wuta su ne kafasito, waɗansu 'yan gwangwanaye masu ruwan sinadari a ciki. Ruwan yana bushewa da shekaru, zafi kuma yana gaggauta bushewar. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba rayuwar kafasito biyu. Na'urar da aka ƙera a 1992, ta yi shekaru a ɗakin Sakkwato ko Maiduguri, ba za a haɗa tsufanta da na 'yar'uwarta da ke ƙasar sanyi ba.

Alamomin su ne gurnani a lasifika, da jinkirin karɓar faifai, da gwangwanin da ya kumbura ko ya yi yoyo. Maganin shi ne ƙwararren mai gyara ya sauya su da sababbi masu awo iri ɗaya, waɗanda ke jure digiri 105, ya kuma kula da ƙafar da ke ɗaukar wuta mai kyau da marar kyau, don in an juya su gwangwanin yana iya fashewa. A lura cewa wannan maido da na'ura ne zuwa yadda ta fito daga masana'anta. Kuma a tuna kafasito yakan riƙe wuta ko bayan an zare soket.

Daga waje kuma, wutar Nijeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, amma kowa ya san yadda take hawa da sauka, balle ta janareto. Sitabilaiza mai kyau ta fi kowace waya mai tsada amfani ga na'urar. Wanda ya sayi ta gwanjo ya duba bayanta tukuna, domin wadda aka yi don Japan bolt 100 take sha, ta Amurka kuwa 120. A ajiye ta a wuri mai ƙarfi da ba ya girgiza, nesa da lasifika, kada kuma a ɗora ta a kan amfilifaya mai zafi. Girgiza tana sa sashen da ke riƙe ido ya yi ta fama, yana jan wuta a hargitse. Tebur mai nauyi ya isa wannan aiki.

An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Bambancin da ke tsakanin na'urorin CD biyu masu lafiya yawanci bai wuce ɗan ɓangare na desibel guda ba. Ɗakin da ake sauraro a cikinsa kuwa, da bangon siminti da daɓen tayil, yana iya ƙara wa wani sauti mai kauri desibel 10 ya rage wa wani kamar haka. Saboda haka janye lasifika daga kusurwa, da daidaita nisansu da wurin zama ta yadda su biyun da mai sauraro za su yi kusurwa uku mai tsawo ɗaya, da shimfiɗa darduma, da rataya labule mai kauri, suna sauya sauti fiye da duk gyare-gyaren da muka ambata a haɗe. Abin mamaki, su ne kuma mafi araha.

Yadda Ake Gwada Kunne

Saura tambaya guda: me ya sa mutanen kirki, masu gaskiya, suka ji bambanci a koriyar tawada? Hausawa na cewa gani ya kori ji. A wannan fage maganar ta zo daidai ta wata fuskar da ba a nufa ba, domin abin da ido ya gani, da kuɗin da hannu ya biya, suna rinjayar abin da ƙwaƙwalwa ke ji. Ga kuma wani tarko: idan ɗaya daga cikin abubuwa biyu ya fi ƙara da ɗan kaɗan, mai sauraro ba ya cewa ya fi ƙara, sai ya ce ya fi daɗi.

Maganin wannan shi ne gwajin da David Clark ya bayyana a 1982, wanda ake kira ABX. Mai karatu na iya yin sa a gida. A sami abubuwa biyu da ake son kwatantawa, a kira su A da B. A daidaita ƙararsu da mitar awon wuta, har bambancin ya zama bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, kada a dogara da kunne. Wani aboki ya jefa kwabo sau 16 a ɓoye ya rubuta sakamakon. A kowane zagaye ya kunna A, ya kunna B, sannan ya kunna wanda kwabo ya zaɓa, daga inda mai sauraro ba ya ganinsa. Mai sauraro ya rubuta ko A ne ko B. Mai cinta kawai zai dace kimanin sau 8. Dacewa sau 12 ko fiye kuwa, damar samunta ta hanyar cinta ba ta kai kashi 4 cikin 100 ba, don haka ana karɓarta a matsayin shaida cewa akwai bambanci.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa gyare-gyaren na'urar CD iri uku ne. Akwai masu maido mata da lafiyarta, wato tsabtace faifai da ido, da sauya kafasiton da suka bushe, da ba ta wuta mai kyau da wuri mai sanyi. Akwai masu sauya sautin zuwa wani abu daban, kamar cire ninkin awo, waɗanda mutum zai iya so ko ya ƙi, muddin ya san abin da ya yi. Akwai kuma waɗanda ba sa taɓa komai sai aljihu. Kafin mai na'ura ya ɗauki sukuddireba, ya fara gyara ɗakinsa, sannan ya kira abokinsa da kwabo a hannu. In kunnensa ya ci 12 cikin 16, to ya ci gaba da gyara. In bai ci ba, ya mayar da murfin, ya sayi faifai da kuɗin.